Siyasa da Damawa da Kowa a Fina-finan Gwarazan Jarumai: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai zama a majalisar matasa, ko mai bin muhawarar da ake tafkawa a Facebook, ya san maganar fina-finan Marvel da DC ta wuce batun akta ya doke bos. Wasu na kukan siyasa ta ɓata su, wasu na murnar sai yanzu aka fara damawa da kowa. Ga tambayoyin da na fi cin karo da su, da amsoshin da zan iya tsayawa a kansu.

Yaushe siyasa ta shigo cikin labaran nan? Ba kwanan nan ba ne?

Tun ran gini, tun ran zane. A 1938 Superman ya fara fitowa a littafin zane, kuma samari biyu ne suka ƙirƙiro shi a birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, dukansu 'ya'yan Yahudawa 'yan gudun hijira. Labarinsa kansa na baƙo ne: jariri da aka turo daga duniyar da ta hallaka, manoma suka tsince shi suka raina. A labaransa na farko, waɗanda yake taka wa birki su ne mai dukan matarsa, da masu saye 'yan majalisa da kuɗi, da attajirin da ya bar leburorinsa cikin ramin ma'adinai mai haɗari.

Captain America kuwa ya fito a Disamban 1940, bangon littafinsa na farko ɗauke da hotonsa yana naushin Hitler a muƙamuƙi. A lokacin Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, sai bayan shekara guda, kuma Amurkawa da dama ba sa son a shiga. Joe Simon da Jack Kirby da suka zana hoton sun san ɓangaren da suka ɗauka. A 1946 ma shirin Superman na rediyo ya yi jerin labarai yana yaƙar wata ƙungiyar asiri da kowa ya gane Ku Klux Klan ake nufi. Shi ya sa da James Gunn, daraktan Superman na 2025, ya ce labarin na baƙo ne da ya shigo Amurka, wasu suka fusata, na yi mamakin fushin. Abin da ke rubuce tun shekara tamanin da bakwai ya maimaita.

Da gaske ne Professor X shi ne Martin Luther King, Magneto kuma Malcolm X?

Ana yawan faɗa, amma ba haka aka faro ba. Lokacin da Stan Lee da Jack Kirby suka fito da X-Men a 1963, Magneto, abokin gabar Professor X da ke jagorantar jaruman, mugu ne kawai mai son mallake duniya. Marubuci Chris Claremont, wanda ya karɓi labarin a 1975, shi ya mayar da shi wanda ya tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Fim ɗin 2000 da wannan ya buɗe: sansani a Poland a 1944, ruwa na zuba, sojoji na raba yaro da iyayensa, yaron na miƙa hannu yana ihu har ƙofar ƙarfe ta lanƙwashe. Daga nan aka wuce majalisar dattawan Amurka, inda wani sanata ke neman a yi dokar tilasta wa masu baiwa irin ta Magneto su yi rajista.

Kwatancin da ake yi da Malcolm X bai yi masa adalci ba. Magneto yana kashe bayin Allah. Malcolm X, wanda ya yi aikin Hajji a 1964 ya koma gida da sunan Alhaji Malik El-Shabazz, da baki da alƙalami ya yi gwagwarmayarsa, kuma shi aka harbe a 1965.

Daga ƙungiyar Black Panther aka samo sunan jarumin?

A'a, jarumin ya riga ta. Ya fito a littafin Fantastic Four mai lamba 52 na watan Yulin 1966, Huey Newton da Bobby Seale kuma suka kafa ƙungiyarsu a Oakland a watan Oktoba. Kamfanin Marvel ya ma tsorata da kamannin sunan har ya sauya shi zuwa Black Leopard na ɗan lokaci a 1972. Ryan Coogler, daraktan fim ɗin 2018, haifaffen Oakland ne, kuma a can ya buɗe labarinsa, can ya rufe shi.

Me ya sa aka ɗauki Black Panther na 2018 da girma haka? Ai an yi baƙaƙen jarumai kafin shi.

An yi. Wesley Snipes ya fito a Blade tun 1998, fim ɗin ya ci kasuwa tun kafin X-Men da Spider-Man. Bambancin shi ne a Black Panther darakta baƙar fata ne, marubutan haka, kusan duk 'yan wasan haka, kuma an zuba masa kuɗi irin na manyan fina-finai. An daɗe a Hollywood ana riƙe da wata magana kamar aya, wai fim ɗin baƙaƙe ba ya sayuwa a ƙetare. Bob Iger, shugaban Disney na lokacin, kamfanin da ya sayi Marvel a 2009 kan dala biliyan 4, ya rubuta a littafinsa na 2019 cewa sai da ya ba da umarni da kansa aka daina sa wa Black Panther da Captain Marvel tarnaƙi. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3. Shi ne fim ɗin gwarazan jarumai na farko da ya shiga takarar fim mafi kyau a kyautar Oscar, ya kuma ci uku: sutura, tsara wurare, da kiɗa. A Afrilun 2018, da Saudiyya ta sake buɗe sinima bayan shekara 35, da shi aka buɗe a Riyad.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin hannu. Ruth Carter, mai tsara sutura, ta ɗauko bargunan Basotho na Lesotho, da zobban wuya na Ndebele, da hular matan Zulu, da jan kaya da duwatsun Maasai, ta kuma yi wa ƙabilar 'yan kasuwa shiga irin ta Abzinawa. Harshen Wakanda, ƙasar almara ta Afirka da labarin ke gudana a cikinta, shi ne Xhosa na Afirka ta Kudu, harshen John Kani da ya fito a matsayin tsohon sarki. Muryar da ke tashi yayin da jirgi ke ratsa duwatsu ya shiga Wakanda ta Baaba Maal ce, Bafulatanin Senegal, gangar da ke rakiyar T'Challa, jarumin fim ɗin, kuma tama ce, 'yar uwar kalangu. Wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki zai ji jikinsa ya amsa kafin kansa ya gane dalili.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a nan, kuma ina ganin gaskiyarsa: an kwaso al'adun mutanen da ke nesa da juna da dubban kilomitoci an zuba a tukunya ɗaya, kamar Afirka ƙauye guda ce. Wakanda mafarkin baƙaƙen Amurka ne game da gidan da aka raba su da shi. Mafarki ne mai daraja, sai dai kada mu ɗauke shi madubi.

An ce akwai dajin Sambisa a cikin fim ɗin. Yaya aka nuna shi?

Akwai, kusa da farko, kuma an rubuta sunan dajin da na Najeriya a allo. Dare ne, ayarin motoci na tafiya cikin duhun daji, a bayan babbar mota mata ne zaune cikin lulluɓi, 'yan bindiga na tsaron su. T'Challa ya diro daga jirginsa, ya kashe injinan motocin da wasu ƙananan na'urori, ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Da ya juya kan na ƙarshe, Nakia, wadda ta saje cikin matan don leƙen asiri, ta tare shi ta ce wannan yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Ba a ambaci Boko Haram ba, amma shekara huɗu kacal ke tsakanin fim ɗin da daren Afrilun 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok.

Zuciyata biyu take game da wannan fitowa. Maganar yaron ta nuna wani ya yi tunani, domin mutanen Borno sun san yawan yaran da aka ɗora wa bindiga ba da son ransu ba. Amma duba abin da ya kawo sarkin: ya zo ɗaukar Nakia, tsohuwar budurwarsa, ne don ta halarci naɗinsa. Ceton matan a kan hanya ya faɗo. Cikin 'yan mintuna an gama, an gargaɗe su kada su faɗa wa kowa abin da suka gani, jirgi ya tashi. Babu ɗayarsu da aka ba suna. Sannan kalmar Musulunci da ta fi fitowa fili a wurin, "Wallahi", daga bakin ɗan bindigar da ya ɗora wa mace makami ta fito. Musulmi da dama sun yi magana a kan haka, kuma ba su yi laifi ba, domin mafi yawan waɗanda rikicin ya kashe ko ya raba da gidajensu su ma da wallahi suke rantsuwa.

Ba wannan ne karon farko da Marvel ta taɓo Najeriya ba. Captain America: Civil War na 2016 a Legas ya buɗe, ko da yake a Atlanta aka ɗauki wurin. Bam ya tashi a wani bene, mutane suka mutu, kuma wannan ne ya sa ƙasashe 117 suka amince da yarjejeniyar sa wa jaruman linzami. Labaran da aka nuna a talabijin cikin fim ɗin sun ƙidaya 'yan Wakanda 11 da suka rasu. 'Yan Legas ɗin ba a tsaya kansu ba.

Me ya sa mutane da yawa ke goyon bayan Killmonger alhali shi ne bos a Black Panther?

Saboda rabin maganarsa gaskiya ce, kuma fim ɗin ya sani. Ka tuna shigowarsa. Yana tsaye a wani gidan tarihi a Landan, gaban akwatin gilashi cike da kayan Afirka, wata baturiya ƙwararriya riƙe da kofin kofi tana yi masa bayanin wannan daga ina, wancan na wane ƙarni. Da ya ce zai ɗauke mata nauyin ɗaya, ta ce ba na sayarwa ba ne. Sai ya tambaye ta yadda take zaton kakanninta suka same su, ko sun biya kuɗin da ya dace. Tambayar ba ta almara ba ce. A 1897 sojojin Birtaniya suka ƙone birnin Benin suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa na fadar Oba. Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin nata kayan guda 26 a 2021, Jamus ta kawo wasu tagullan Abuja a Disamban 2022, amma gidan tarihin Birtaniya na riƙe da ɗaruruwa.

Tarihinsa ma abin tausayi ne. Baffansa, sarkin Wakanda, ya kashe mahaifinsa a Oakland a 1992, ya bar yaron shi kaɗai don asirin ƙasa ya rufu. Tambayar da ya dawo da ita mai nauyi ce: ina kuke lokacin da ake loda 'yan uwanku a jiragen bayi?

To amma sai marubutan suka sa shi ya harbe budurwarsa, ya shaƙe dattijuwa, ya ƙone gonar tsiron da sarautar ke dogaro da shi, yadda mai kallo zai samu natsuwar ƙin sa. Wannan salo ya yawaita a fina-finan nan: a ba mugu hujja mai kyau, sannan a sa shi aikata ta'asar da za ta binne hujjar. Mai son a sauya tsarin duniya shi ake kashewa, mai son a gyara shi kaɗan-kaɗan shi ke hawa karaga. T'Challa ya ƙare da buɗe cibiyar tallafi a Oakland da jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Abu ne mai kyau, sai dai ya yi wa tambayar kaɗan.

Ina gaskiyar cewa sojojin Amurka na da hannu a fina-finan?

A wasu, e, kuma ba a ɓoye ba. Ma'aikatar tsaron Amurka na ba masu fim aron jirage da sansanoni bisa sharaɗin ta duba rubutun labarin. An ɗauki wani ɓangare na Iron Man na 2008 a sansanin sojin sama na Edwards. Captain Marvel na 2019 ya samu haɗin kan rundunar sama, rundunar kuma ta yi tallan ɗaukar mata matuƙa jirgi a daidai lokacin fitowarsa. Ma'aikatar ta janye daga The Avengers na 2012 saboda ba ta gane wa hukumar S.H.I.E.L.D. ta cikin fim ɗin ke yi wa biyayya ba.

Duk da haka akwai masu sukar gwamnati. Captain America: The Winter Soldier na 2014, wanda ya fito ƙasa da shekara guda bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi kan leƙen asirin gwamnatin Amurka, labarin shirin kashe mutane ne daga sama tun kafin su yi laifi, bisa bayanan da aka tattara a kansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Everett Ross, jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da aka mayar aminin Wakanda a Black Panther. Kwamitin majalisar dattawan Amurka da kansa ya tabbatar a 1975 cewa hukumar ta shirya sa wa Patrice Lumumba na Kwango guba. Ba ƙaramin abu ba ne a nemi ɗan Afirka ya tafa wa wannan hukuma.

Me ya haɗa Faransa da Wakanda Forever?

A fim ɗin na 2022, wanda aka yi bayan rasuwar Chadwick Boseman a Agustan 2020 yana da shekara 43, sojojin haya masu jin Faransanci sun kai hari cibiyar Wakanda a Ansongo ta ƙasar Mali don satar vibranium, ƙarfen da arzikin Wakanda ya dogara da shi. Sarauniya Ramonda ta sa aka shigo da su ɗaure cikin zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, aka durƙusar da su gaban wakiliyar Faransa. A Fabrairun 2023 ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito ya yi tir, yana tuna sojojinsu 58 da suka mutu a yankin.

Vibranium ƙarfen almara ne, amma mutumin Agadas ba ya buƙatar a yi masa fassara. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an shafe shekaru da dama ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, alhali yawancin ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu. Wakanda amsa ce ga tambayar yadda ƙasa za ta kasance da arzikinta ya zauna a hannunta.

Ba cusa mata da baƙaƙe ne ke sa fina-finan faɗuwa yanzu ba?

Lissafi bai goyi bayan haka ba. Wonder Woman na 2017, wanda Patty Jenkins ta ba da umarni, ya haura dala miliyan 800. Captain Marvel ya haura biliyan 1, duk da gangamin ɓata shi da aka yi a intanet tun kafin ya fito, har shafin Rotten Tomatoes ya rufe sharhin masu kallo kan fim ɗin da ba a saki ba. Gaskiya ne The Marvels na 2023 ya faɗi warwas, da ƙyar ya wuce miliyan 200. Amma Morbius da The Flash da Joker na biyu su ma sun faɗi, kuma jarumansu maza ne farare. Bayan Avengers: Endgame na 2019 an yi ta zubo fina-finai da shirye-shirye babu ƙaƙƙautawa, har Iger ya amsa cewa yawa ya rage inganci.

Inda masu ƙorafin ke da gaskiya shi ne akwai wakilcin ganin ido. A sa mutum a fosta, a yi ta talla da launinsa, a cikin labari kuwa ba shi da uwa ba shi da unguwa. Mai kallo na ganewa. Miles Morales na Spider-Man: Into the Spider-Verse ya karɓu har fim ɗin ya ci Oscar saboda an ba shi gida, da uba ɗan sanda mai takura masa don ƙauna, da uwa mai yi masa magana da Sifaniyanci.

Musulmi fa, akwai jaruminsu?

Akwai Kamala Khan, wato Ms. Marvel, 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City. Littafinta ya fara a 2014, marubuciyarsa G. Willow Wilson da editarsa Sana Amanat duk Musulmi ne. Shirin 2022 da Iman Vellani ta fito a ciki ya nuna masallaci yadda masu zuwa masallaci suka san shi: alwala, ɓatan takalmi a ƙofa, 'yan mata na ƙorafin an yi watsi da gyaran ɓangaren mata. Ya kuma koma kan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. In ka gwada da Iron Man na 2008, inda Afganistan ta kasance kogo da 'yan bindiga, an yi tafiya. Ko a can ɗin, wanda ya biya kuɗin a kashe Tony Stark, jarumin fim ɗin, abokin kasuwancinsa ne Ba'amurke.

Me ya sa wasu ƙasashe ke hana nuna su?

Kowace da dalilinta. Labanon ta hana Wonder Woman saboda Gal Gadot ta yi aikin soja a Isra'ila. Saudiyya da Kuwait da Katar ba su nuna Eternals na 2021 ba saboda akwai namiji mai auren namiji a ciki. China ta shafe fiye da shekara uku, daga tsakiyar 2019 zuwa Fabrairun 2023, ba ta bar fim ɗin kamfanin Marvel Studios ya shiga sinimominta ba, har da Shang-Chi mai jarumi ɗan asalin ƙasar. Tun kafin nan kamfanin ke lallaɓa ta: a Doctor Strange na 2016 an sauya malamin jarumin, wanda ɗan Tibet ne a littafi, zuwa baturiya, kuma ɗaya daga marubutan ya faɗi a fili cewa tsoron rasa kasuwar China na cikin dalilan. A nan ake gane iyakar aƙidar kamfani, domin in ta ci karo da kasuwa, sau da yawa kasuwar ke rinjaye.

Zan iya barin yarana su kalla?

Ka fara kalla tukuna. Yawancinsu na ɗauke da alamar PG-13, ma'ana a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13. Deadpool da Logan da Joker na manya ne zalla, rigar jarumi kada ta ruɗe ka. In kun kalla tare, ka tambaye su wa aka nuna a matsayin mugu, da wane harshe yake magana, da wace irin shiga.

Akwai 'yan Afirka da ke yin nasu jaruman?

Akwai, kuma sun daɗe da farawa. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, da jaruminsa Guardian Prime mai kaya kore da fari. Nnedi Okorafor ta rubuta wa Marvel labarin Ngozi a 2017, yarinya 'yar Legas, tana mai cewa 'yan matan Chibok na cikin abin da ya zaburar da ita. Kamfanin Kugali ya yi Iwájú tare da Disney a 2024. Roye Okupe, mai YouNeek Studios, wanda shirinsa Iyanu ya fara fita a Cartoon Network a 2025, tun kafin nan ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya ta daular Azzaz, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina. In ka juya sunan daular daga ƙarshe zuwa farko za ka ga Zazza, saura harafi ɗaya ya cika Zazzau.